Ɗakin da Ya Fi na Oga

Wani ne, bawan Allah, shekararsa bakwai yana jiran ƙarin girma a wani kamfanin sayar da injinan ban ruwa. Aikinsa ajiye fayil. Ba takardar da bai san makwancinta ba a ofishin nan, har da tasa ta ƙarin girman, wadda ke kwance a aljihun teburin oga, an danne ta da kwalbar man zafi, sa hannu kawai take jira.

Shi kuwa ogan, Allah ya jarrabe shi da ciwo guda: ba ya son a fi shi. Ko a mene ne. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa da kofin shayi da ya ɗara na oga da ɗan yatsa ɗaya, har yau teburinsa na bakin ƙofar banɗaki. Akwai wani dogo a sashen gyara, in za a ɗauki hoto sai ya ranƙwafa kamar mai neman allura a ƙasa. Ko atishawa ce ta zo maka a ofishin nan, sai ka auna ta tukuna, kada ta fi ta oga ƙara.

Ran nan aka gayyaci oga taron kwana uku a wani ƙaton otal. Ya ce gogan naku ya biyo shi ya riƙe jaka. Suna cikin mota oga ya yi gyaran murya, ya yi magana ta hanci kamar kullum.

"Takardar nan taka. In muka je muka dawo ban ga abin ɓacin rai ba, ƙila in duba ta."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe!"

"Ƙila na ce."

"Ƙilar ma Allah ya ƙara mata girma."

Suka isa. Daɓen otal ɗin sai sheƙi yake, har gogan naku yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Oga ya wuce gaba, ya karɓi katin ɗakinsa, hawa na biyu, ya goya hannu a baya ya shige lif. Aka bar mutuminku da jakunkuna uku da wata budurwa mai karɓar baƙi, irin waɗanda ko "a'a" za su ce maka sai sun shafa mata zuma.

Ta danna na'ura, ta ɗago, ta yi fari da ido.

"Yallaɓai, ina taya ka murna."

Ya waiga ya ga ko akwai wani yallaɓai a bayansa. Babu.

"Ƙananan ɗakunanmu sun ƙare. Na ƙarshen shi muka ba mutumin da ya wuce yanzu. Don haka mun ɗaga ka zuwa babban masauki a hawa na sha biyu. Kyauta ne, haka muke wa baƙinmu in wuri ya cika."

"Ya fi nasa?"

"Na wa?"

"Wanda ya wuce."

Ta rufe baki tana dariya. "Haba yallaɓai! Ai nasa zai shiga banɗakin naka ya juya, bai taɓa bango ba."

Nan take ya matso jikin teburin.

"'Yar'uwa, don girman Allah ki musanya mana. Ki ba shi wancan, ni ki..."

Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗau ƙara. Oga ne.

"Kai! Mutanen nan sun san mutane. Ina shigowa suka gane ni. Ɗakin da ya fi kowanne a otal ɗin nan suka ba ni. Har da kujera. Daga kan gado ina hango motata. Kai ina suka jefa ka?"

To, ku gaya min. Mutumin da ya gama rantsuwa nasa ya fi na kowa, da wane bakin za ka ce masa akwai wanda ya fi, kuma mai riƙe masa jaka aka ba? Gogan naku ya rage murya.

"Wani ɗan akurki ne a ƙasa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kowa da matsayinsa."

Ya kashe waya, ya dubi budurwar kamar wanda aka yanke wa hukunci.

"Bar musanyar. Kawo katin."

Ya kai wa oga kaya, sannan ya lallaɓa ya hau sama. Yana tura ƙofa fitilu suka kama da kansu, labule ya ja gefe da kansa, har ya yi sallama don ya zaci da mutane. Falo guda, wurin cin abinci guda. Gado kuwa, mutum shida za su kwana a kai su tashi ba wanda ya san da wani. Ya ɗosana a bakin kujera, jakarsa a cinya, kamar wanda ya zo gaisuwar surukai.

Waya ta sake ƙara.

"Akwai talabijin a naka?"

Ya dubi talabijin ɗin. Ta kai ƙyauren gareji.

"Akwai wata 'yar mitsitsiya, ranka ya daɗe. Sai an mare ta take kamawa."

"Ho ho! Gadon fa?"

"In na miƙe, ƙafafuna a waje suke kwana."

"Ho ho ho! Tawul nawa suka ba ka? Ni biyu."

Ya leƙa banɗaki. Ya ƙirga sha huɗu ya gaji.

"Rabi ne, ranka ya daɗe. An yaga, an ba maƙwabcina ɗaya ɓarin."

Oga ya yi dariya har da tari. Tun da yake aiki a ƙarƙashinsa bai taɓa jin sa cikin farin ciki haka ba.

Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, shi ma ya sani. Ya ce bari ya mai da ita gaskiya tun wuri. Ya sauko wurin budurwar nan.

"'Yar'uwa, ɗakin nan ba zan iya zama cikinsa ba."

Zumar fuskarta ta daskare. Ta danna wani abu a ƙarƙashin tebur. Sai ga manaja ya ɓullo, wani ɗan gajere mai sanƙo, yana murza hannu kamar mai wanki ba sabulu.

"Yallaɓai, me muka yi? Ruwan zafi ne? Sanyi ne ya yi yawa? Matashin ne ya yi tauri?"

"Ba ko ɗaya. Ƙarami nake so. Mafi muni da kuke da shi. Ko kusa da janareta ne, ku kai ni."

Manaja ya dafe ƙirji. Ya ja budurwar gefe, yana raɗa, amma irin raɗar da ake ji daga bakin titi.

"Kin ji ko? Gatse yake mana. Shekarata ashirin a aikin nan, duk baƙon da ya ce a kai shi kusa da janareta, ransa ya gama ɓaci. Dubi takalminsa. Dubi wuyan rigarsa yadda ya ƙoƙe. Irin waɗannan su ne masu abin. Ƙananan masu kuɗi ne ke ado."

Ya dawo ya rusuna.

"Yallaɓai, mun ji, kuma mun ɗauki laifinmu. A gafarce mu."

"Yauwa. Za ku sauko da ni?"

"Yanzu za a gyara."

Suka sa shi a lif. Yana kallon lambobi, yana jira su yi ƙasa. Sha biyu ta wuce. Sha biyar. Sha takwas. Sai da lif ta ƙure, hawa na ashirin, sannan ta buɗe baki.

Wannan kuma ba ɗaki ba ne, unguwa ce. Hawan gaba ɗaya nasa. Ga tafkin iyo a waje, ruwa shuɗi yana kaɗawa. Ga wani ƙaton abin kiɗa mai haƙora fari da baƙi a tsakar falo. Ga kuma wani dattijo dogo a tsaye, baƙar kwat, farar safar hannu, fuska kamar mai shirin karanta ta'aziyya.

"Wannan hadiminka ne," in ji manaja. "Duk inda ka sa ƙafa, yana nan."

"Ku dubi Allah! Ni fa ƙasa na ce!"

"Yallaɓai, wallahi daga nan sai sama, ba mu da wani." Manaja ya ja da baya yana rusunawa har lif ta haɗiye shi.

Dattijon ya karɓi jakar da yatsa biyu. Ya fito da riguna biyun da ke ciki, ya rataye su a kabad mai maratayi arba'in, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, wai don su sha iska. Buroshin haƙorinsa da ya baje kamar gashin masara, ya ɗora shi a kan faranti na azurfa.

"Yallaɓai zai so a cire masa takalmi?"

"Baba, bar shi. Safar ba ta ganin mutane."

"Yallaɓai zai shiga tafki?"

Gogan naku ya dubi ruwan nan. Ransa ya biya. Amma hankalinsa na hawa na biyu.

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Washegari da safe ya ƙi hawa lif, kada ta buɗe a gaban oga a ga daga sama ya fito. Ya bi matakala, hawa ashirin, har ƙasa, sannan ya hauro biyu don a ga daga ƙasa ya taho. Ya isa ƙofar oga yana haki kamar kare ya yi tsere da babur.

"Hawa biyu kacal ka yi wannan hakin?" in ji oga. "Yaran yanzu ba ƙwari."

Suka nufi wurin karin kumallo. Labari kuwa ya riga ya zaga otal. Mai gadin ƙofa ya ƙame. Masu kawo abinci suka jeru suna rusunawa. Har mai dafa abinci ya leƙo da doguwar hularsa. Oga ya ɗaga musu hannu yana gyaɗa kai.

"Ka gani ko? Girma ba ya ɓuya."

"Ba ya ɓuya, ranka ya daɗe," in ji gogan naku, yana ƙoƙarin ɓuya a bayansa.

Sun zauna ke nan sai ya ji an gyara masa kujera ta baya. An shimfiɗa masa farin ƙyalle a cinya. Farar safar hannu ta zuba masa shayi, ta bar kofin oga wayam.

Oga ya dubi kofinsa. Ya dubi dattijon. Hancinsa ya fara buɗewa.

"Wannan fa?"

"Kawuna ne, ranka ya daɗe! Ƙanin mahaifiyata. Nan yake aiki. Shi ya raine ni. Kawu, zuba wa oga mana, shi ne babba."

Dattijon ko ƙiftawa bai yi ba. Ya zuba wa oga, ya koma ya tsaya.

"Yallaɓai zai so a ɗumama tafkin kafin ya dawo?"

"Tafki?" in ji oga.

"Bokiti yake nufi. Tsufa ne."

"Kuma kawun naka ne ke ce maka yallaɓai?"

"Zolaya ce, ranka ya daɗe. Tun ina rarrafe yake tsokanata da ita. Kawu, je ka huta, ƙafarka."

"Kamar yadda yallaɓai ya so," in ji dattijon, ya ja da baya taku uku ya tsaya kamar turken wuta.

Oga ya ci ƙwai huɗu, ya sha shayi kofi uku, ya yi gyatsa, zuciyarsa ta yi fari.

"Ka san me? In an tashi taro da la'asar zan zo in ga akurkin nan naka. Shugaba nagari yana duba na ƙasa da shi."

Mutuminku ya ajiye burodin da ke hannunsa.

"Ranka ya daɗe, wurin bai kamace ka ba."

"Shi ya sa nake son gani."

Ana cikin taro, ana ta jawabi a kan injina, gogan naku ya sulale. Ya bi lungun hawa na ɗaya yana tura ƙofofi, ko Allah zai sa ya dace da wani wuri mai muni. Sai ya ci karo da wata iya mai shara, tana tura keken kayan aikinta, ta fito daga wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala. Ya leƙa. Tsintsiyoyi, bokitai, sandunan goge daɓe, jarkokin maganin wanke banɗaki, da ƙwan fitila guda yana lilo. Bai taɓa ganin wurin da ya burge shi haka ba.

"Iya, sannu da aiki. Don Allah aron ɗakin nan za ki ba ni."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba kai ne na hawa na ashirin ba? Wanda ya bar gado ya kwana a kujera da takalmi?"

"Ni ne, iya."

"An ba ka sama da ƙasa, ka zo kana roƙon ɗakin tsintsiya. Ɗan nan, a gidanku akwai mai irin wannan, ko da kai aka fara?"

"Iya, aikina ne a kan siraɗi. Minti goma kawai."

"Allah ya ba ka lafiya. Shiga. Kada ka taɓa min tsintsiya mai jan kai, ita kaɗai ke jin magana."

Ya shimfiɗa kwali biyu a ƙasa, ya naɗe tsumma ya yi matashi, ya haura ya sauko da jakarsa da riga ɗaya ya rataye a ƙusa. Yana juyowa ya ga dattijon nan a bakin ƙofa, riƙe da faranti, da matashin gashin tsuntsu a kan farantin.

"Yallaɓai zai so a fesa turare?"

"Kawu, in kana ƙaunar iyayenka ka ɓace!"

La'asar na yi oga ya iso. Sai da ya karkace sannan tumbinsa ya shiga. Warin magani ya daki hancinsa, ya yi atishawa uku. Ya dubi kwali. Ya dubi bokitai. Ƙwan fitila ya ƙwanƙwashe shi a goshi.

"A nan kake kwana?"

"A nan, ranka ya daɗe."

"Tsintsiyoyin fa?"

"Abokan zama ne. Ba ruwansu da kowa."

"Ina talabijin ɗin?"

"Na mare ta da yawa, sun ɗauke."

Sai ga iya ta turo kai. "Gafaranku dai, masu ɗaki." Ta miƙa hannu ta saman kafaɗar oga, ta zari sandar goge daɓe, ta ɗiga masa ruwa a takalmi, ta fita.

Gogan naku yana jiran "ho ho ho", sai ya ga abin da ba a taɓa gani ba a tarihin kamfanin: idon oga ya kawo ruwa. Ko tausayi ne, ko maganin banɗaki ne, Allah masani.

"Kuma ba ka kai ƙara ba?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Wuri ai wuri ne." Ya ƙara da murmushi har kunne, don a ga haƙurinsa.

"A'a. Ba za a ce ina otal ɗin nan ma'aikacina na kwana da bokiti ba. Ɗauko jakarka. Ɗakina za ka koma."

"Ranka ya daɗe, kada in takura maka! Na saba da nan, wallahi har na fara son wurin!"

"Akwai fili tsakanin gado da ƙofar banɗaki. In ka lanƙwashe za ka shiga. Yau za ka ga yadda manya ke kwana."

Haka aka yi. Kwana biyu gogan naku yana lanƙwashe a kan kafet kamar ƙugiya, oga na tsallake shi in ya tuna, yana taka shi in ya manta. A can sama kuwa ana ɗumama tafki safe da yamma, ana canza zanen gadon da ba wanda ya hau. Kowace safiya dattijo zai ƙwanƙwasa ƙofar oga da faranti, shayi da 'ya'yan itace da ƙwai, ya ce na yallaɓai ne. Oga ya karɓa ya cinye.

"Kawun nan naka ya san darajar manya," in ji shi, yana suɗe cokali.

Ranar tafiya suna saukowa da kaya, manaja ya taho da gudu-gudu, budurwar na biye da shi da furanni.

"Yallaɓai! Muna fata masaukin ya..."

Oga ya sha gabansa.

"Kai ne manaja? Kun ji kunya! Ɗakin da kuka ba yaron nan, ko akuya aka sa a ciki sai ta kai ƙara. Ni da idona na gani. Sai da na ɗauke shi na mai da shi wurina."

Manaja ya yi baya kamar an hamɓare shi. "Ranka ya daɗe, ai shi ne mafi..."

"Na yafe!" gogan naku ya kurma ihu, ya rungumi jakunkuna uku. "Na yafe duniya da lahira! Ranka ya daɗe, mota na jira!"

Suna fita ya jiyo manaja yana ce wa budurwar, "Ban gaya miki ba? Hawa na ashirin ma ɗakin akuya ne a wurinsu."

Washegari a ofis, ko zama bai yi ba aka ce oga na kira. Ya shiga wuyansa a karkace, don har yanzu kafet bai sake shi ba. Oga ya jawo aljihun tebur, ya zaro takardar, ya hure ƙurar shekara bakwai, ya rattaba hannu.

"Na ƙara maka girma. Daga yau kai shugaban reshe ne."

Gogan naku ya zube ƙasa. "Allah ya ja zamaninka! Allah ya ƙara nisan kwana! Wane reshen, ranka ya daɗe?"

"Sabon da muka buɗe a bakin fadama. In mota ta kai inda hanya ta ƙare, sai ka ƙarasa da ƙafa, ba nisa, awa biyu. Mutum uku na tura, duk suka ajiye aiki. Wata shida ina neman mai haƙurin da zai iya, ashe yana gabana yana jera fayil."

Murmushin mutuminku ya fara tsinkewa.

"Ranka ya daɗe, ba shi ne wanda aka ce kwantena ce ba? Ba wuta, ba ruwa, kuma a ciki ake kwana tare da injina?"

Oga ya miƙa masa takardar.

"Kai da na gani da idona kana washe baki a ɗakin tsintsiya? Tsorona ɗaya, kada daɗi ya lalata ka."